Ɗan Gida ko Baƙo: Ina Kishin Ƙasa Ya Tsaya, Ina Wariya Ta Fara Wajen Zaɓen Koci?

Idan mutum ya ce shi dai ɗan ƙasarsu yake so ya horar da tawagar ƙasarsu, kishi ya nuna ko wariya? Idan kuma hukumar ƙwallo ta tsallake 'yan gida ta je ta ɗauko Bature, cancanta ta bi ko nata ta raina?

Tambayoyin nan sun taso da ƙarfi sau biyu cikin wata uku. A watan Oktoban 2024 hukumar ƙwallon Ingila ta sanar da cewa Thomas Tuchel, Bajamushe, shi ne sabon kocin ƙasar, har jaridar Daily Mail ta kira ranar da baƙar rana ga Ingila. A Janairun 2025 kuma Najeriya ta miƙa Super Eagles ga Eric Chelle, ɗan Mali, nan ma aka yi ta ce-ce-ku-ce.

Daren da labarin Chelle ya fito ina zaune a teburin mai shayin da ke bakin gidan kallon unguwarmu. Wani saurayi sanye da jesin Chelsea ya ɗaga wayarsa sama yana cewa, "Baba, ka ji fa! Duk Turawan duniya a rasa wanda za a ɗauko sai ɗan Mali?" Dattijon da yake kira Baba, wanda ya taka leda a ƙuruciyarsa, ya ajiye kofinsa ya dube shi ya ce, "To ɗana, da kake cewa a kawo baƙo, gwaninta kake nufi ko farar fata?" Saurayin ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Tambayar dattijon nan ita ce gindin maganar duka.

Abu uku da ake cakuɗawa

Akwai kishin ƙasa. Mai wannan ra'ayi yana cewa wasan ƙasa da ƙasa gwaji ne tsakanin abin da kowace ƙasa ta raina da hannunta: 'yan wasanku da namu, dabararku da tamu. Idan ba a yarda Najeriya ta sayo ɗan wasan gaba daga Brazil ba, don me za a yarda ta sayo ƙwaƙwalwar da ke tsara wasan? Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma babu wariya a cikinta, domin ƙa'ida ce da ta hau kan kowa, fari da baƙi.

Akwai ƙyamar baƙi, wato a ƙi mutum ba don ƙa'ida ba, sai don an tsani inda ya fito. Wasu daga cikin masu sukar Tuchel ba zancen tarbiyyar kociyoyin Ingila ne ya dame su ba, tsohuwar gabar yaƙin duniya suka tono. Da ɗan wata ƙasar aka kawo da ba su tayar da jijiyar wuya haka ba.

Sai wariyar launin fata, wadda ta fi su zurfi. Ita ce a ɗauka cewa launin mutum shi ke nuna iya tunaninsa, a ce wannan jinsin ya iya gudu da ƙarfi, wancan kuma shi ya iya shugabanci da lissafi. A rikicin Tuchel launi bai shigo ba, tunda da shi da waɗanda ake cewa a ba su aikin duk fararen fata ne. A Afirka kuwa da wuya a yi zancen "kocin waje" ba tare da launi ya leƙo ba, domin shekara da shekaru idan aka ce kocin waje, Bature ake nufi.

Me doka ta ce?

Dokar FIFA ta ɗaure ɗan wasa: sai yana da shaidar zama ɗan ƙasa kafin ya sa rigarta, kuma da sharuɗɗa masu tsauri kafin ya sauya sheƙa. Koci kuwa babu abin da ya ɗaure shi. Yau yana Gabon, gobe yana Nijar, jibi yana Najeriya, kamar yadda Gernot Rohr ya yi, wanda ya biya ta Burkina Faso a tsakani, daga baya ya koma Benin.

A Birtaniya ma akwai wani ƙulli da mutane ba su cika sani ba. Dokar daidaito ta 2010 ta sa ƙasar da mutum ya fito cikin abubuwan da aka hana nuna bambanci a kansu wajen ɗaukar ma'aikaci, a layi ɗaya da launin fata da ƙabila. Ke nan ba abu ne mai sauƙi hukumar Ingila ta fito fili ta rubuta cewa ɗan Ingila kaɗai take nema ba.

Abin da ya kai Ingila ga Bajamushe

Tuchel ba shi ne na farko ba. Sven-Göran Eriksson ɗan Siwidin ya riƙe ƙasar daga 2001 zuwa 2006, Fabio Capello ɗan Italiya daga 2008 zuwa 2012, kuma babu wanda ya wuce wasan daf da na kusa da na ƙarshe a cikinsu. Gareth Southgate, ɗan gida, ya fi su nisa: ya kai wasan ƙarshe na kofin Turai sau biyu a jere, sai dai bai ɗauki kofi ba, ya ajiye aiki a Yulin 2024.

Da aka zo neman magajinsa sai aka ga rumbun gida babu hatsi sosai. Tun da aka kafa gasar Firimiya a 1992 babu koci ɗan Ingila da ya taɓa lashe ta. Na ƙarshe da ya ci gasar ƙasar shi ne Howard Wilkinson da Leeds, a kakar da ta gabaci Firimiya. Tuchel kuwa ya ɗauki kofin zakarun Turai da Chelsea a 2021. Tsofaffin 'yan wasa irin su Jamie Carragher da Gary Neville sun nuna damuwa, kuma damuwarsu tana kan hanya: ƙasar da ta gina katafariyar cibiyar horo ta St George's Park a 2012 don yaye kociyoyi, ta wayi gari tana aro daga Jamus, ƙasar da ba ta taɓa ba baƙo tawagarta ba. Amma matan Ingila sun ci kofin Turai a 2022 da 2025 a hannun Sarina Wiegman 'yar Holan, kuma ba a ji irin wannan hayaniya a kanta ba.

Inda wariya ta ainihi take a ƙwallon Ingila wani wuri ne daban, kuma hayaniyar Tuchel ta rufe shi. Wani bincike da aka fitar a 2022 ya nuna kashi 43 cikin 100 na 'yan wasan Firimiya baƙaƙen fata ne, amma a kujerun horarwa ba su kai kashi 5 ba. Tawagar mazan Ingila ba ta taɓa samun koci baƙar fata ba, duk da cewa Hope Powell ta riƙe ta mata daga 1998 zuwa 2013. A 2018 hukumar ƙwallon Ingila ta aro wani tsari daga ƙwallon Amurka, wanda ya wajabta a gayyaci aƙalla mutum ɗaya daga tsiraru zuwa ganawar ɗaukar aiki. Tsarin bai ce sai an ɗauke shi ba, ya dai ce a saurare shi. Abin da ya sa aka buƙaci haka shi ne yawancin waɗannan kujeru ba a tallata su, waya ake bugawa tsakanin waɗanda suka san juna.

Tarihi yana bayan wa?

Daga 1930 zuwa 2022 babu ƙasar da ta ci kofin duniya na maza da kocin waje. Sau biyu kawai baƙo ya kai wasan ƙarshe: George Raynor ɗan Ingila da Siwidin a 1958, da Ernst Happel ɗan Austriya da Holan a 1978. Masu son ɗan gida suna yawan kafa hujja da wannan, amma ya kamata a karanta shi da hankali. Ƙasashen da ke cin kofin su ne masu tarin ƙwararrun kociyoyi, don haka ba su da buƙatar aro. Ko a cikinsu an fara sassautawa, tunda Brazil mai kofi biyar ta ɗauko Carlo Ancelotti ɗan Italiya a 2025.

Kuma baƙi sun yi abin a zo a gani. Otto Rehhagel Bajamushe ya ba Girka kofin Turai a 2004. Hervé Renard ya ci kofin Afirka da Zambiya a 2012, ya sake ci da Kwaddibuwa a 2015. A Najeriya, Otto Glória ɗan Brazil ne ya kawo kofin Afirka na farko a 1980 a Legas, Clemens Westerhof ɗan Holan ya kawo na biyu a 1994 ya kuma kai ƙasar gasar duniya karo na farko, Jo Bonfrère ya ciyo zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996. Duk wanda ya ce baƙo bai tsinana wa ƙwallonmu komai ba, bai yi adalci ba.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Matsalar ba a zuwan baƙo take ba, tana cikin mudun da ake auna shi da wanda ake auna ɗan gida. A nan ne zuciyata ke sosuwa.

Ɗauki Shuaibu Amodu. A 2001 ya karɓi Super Eagles tana tangal-tangal, ya samo mata tikitin gasar duniya ta 2002. Ya zo na uku a kofin Afirka a Mali, aka sallame shi, aka ba Adegboye Onigbinde. Ya dawo, ya sake samo tikitin 2010, ya sake zuwa na uku a Angola, aka sake kawar da shi. Wannan karon wa aka kawo? Lars Lagerbäck ɗan Siwidin, mutumin da ya kasa kai ƙasarsa wannan gasar da ake magana. Ya tafi da Najeriya Afirka ta Kudu, ya dawo da maki ɗaya a wasa uku. Sai ka kwatanta da Rohr: an fitar da shi a zagayen farko a Rasha a 2018, ya zo na uku a Masar a 2019, amma ya ci gaba da aiki har Disamban 2021, sama da shekara biyar. Tagullar da ta kori Amodu sau biyu ita ce ta zaunar da Rohr.

Stephen Keshi ya kai Togo gasar duniya karo na farko a tarihinta. Da ya sha kashi a kofin Afirka na 2006, ga saɓani da Emmanuel Adebayor, aka kore shi aka ba Otto Pfister Bajamushe, wanda ya je Jamus ya sha kashi a duka wasa ukun.

'Yan'uwanmu na Nijar ma sun ga irin wannan da idonsu. Harouna Doula ne ya kai Mena, tawagar ƙasarsu, kofin Afirka karo na farko, na 2012, daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu, har hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓe shi gwarzon koci na 2011. Ana dab da gasar sai aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Wasa ɗaya aka yi, Gabon ta ci 2-0, ragama ta koma hannun Courbis. Mutumin da ya share gona ya yi shuka, ranar girbi aka ce ya koma gefe.

Shi ya sa a farkon 2013 Keshi ya fito ya faɗi abin da ke cin ran kociyoyin Afirka, cewa Turawa da yawa kuɗi ke kawo su, ba sa yin abin da ɗan Afirka ba zai iya ba, kuma ana ba su lokaci su san ƙasa alhali ɗan gida ana so ya ci kowane wasa tun ranar farko. Wasu suka ce maganar tasa ita ma wariya ce. Bayan 'yan makonni ya ɗaga kofin a Johannesburg, da ƙwallon Sunday Mba, yaron da ya ɗauko daga gasar cikin gida. Keshi da Mahmoud El-Gohary na Masar ne kaɗai suka ci kofin suna 'yan wasa suka kuma ci suna koci. Duk da haka, a wannan shekarar ya shafe watanni yana bin bashin albashi.

Zancen albashi ma yana da nasa bambancin. Ana riƙe wa baƙo kuɗi, ana riƙe wa ɗan gida, amma baƙo yana da kwantiragi na dala da lauya da hanyar zuwa FIFA. Rohr ya kai ƙara kuma an yanke a biya shi diyya. Ɗan gida kuwa cewa ake ya yi haƙuri, ƙasarsa ce. Sunday Oliseh ya ajiye aiki a Fabrairun 2016 yana kukan rashin biya da saɓa yarjejeniya.

Titin kuma hannu ɗaya yake bi. Bature da bai taɓa riƙe babbar ƙungiya a ƙasarsa ba yana iya zagaye ƙasashen Afirka biyar. Pitso Mosimane na Afirka ta Kudu ya ci kofin zakarun Afirka sau uku, ɗaya da Mamelodi Sundowns, biyu da Al Ahly, amma hanyarsa ta bi Saudiyya da Daular Larabawa da Iran, ba Turai ba. Ɗaya daga cikin shingayen shi ne lasisi: babbar takardar horarwa ta Turai tana buɗe ƙofa a Afirka, ta Afirka kuwa ba ta buɗe ƙofar Turai kai tsaye.

Abin da ya fi ciwo shi ne ba Bature ne ya kori Amodu ko ya ture Doula ba. Namu ne suka yi. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Laifin ɗan gida

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗi ɓangaren da ba ya mana daɗi. Jami'an da ke ɗauko baƙo suna da hujjojin da ba duka ne ƙarya ba. Suna cewa ɗan gida yana cikin matsin lamba: wakilan 'yan wasa suna bin sa, manya suna turo masa sunaye, kuma duk wanda ya gayyata sai an ƙirga daga wane yanki ya fito. A ƙasa irin Najeriya, inda ake duba jerin 'yan wasa a ƙirga 'yan Arewa nawa ne, wasu na ganin baƙo ba shi da dangi a ciki. Badaƙalar da aka gani ta ƙara musu ƙarfi: a 2018 an dakatar da Salisu Yusuf shekara ɗaya bayan wani bidiyon sirri ya nuna shi yana karɓar kuɗi, ko da yake ya ce kyauta ce kuma ba ta shafi zaɓen 'yan wasa ba. Suna kuma cewa ɗan wasan da ke karɓar miliyoyi a Turai ba ya jin maganar kocin da albashinsa bai kai kuɗin man motarsa ba. Zaman Finidi George na 'yan makonni a 2024, da yadda ya ƙare da cacar baki da Victor Osimhen, ya nuna wani abu na hakan.

Sai dai idan ɗan gida ɗaya ya yi kuskure, a kan dukan 'yan gida ake yanke hukunci. Idan Bature ya gaza, shi kaɗai ya gaza, a je a nemo wani Baturen. Wannan ɗabi'ar ta shafa wa jinsi guda laifin mutum ɗaya ita ce ainihin abin da ake kira wariya, ko daga bakin wa ta fito.

Iska ta fara juyawa

A gasar duniya ta 2010, wadda aka yi a ƙasar Afirka, cikin ƙasashen nahiyar shida Aljeriya ce kaɗai ta zo da ɗanta, Rabah Saâdane. A Qatar a 2022 duka biyar ɗin da nasu suka je: Aliou Cissé, Walid Regragui, Jalel Kadri, Rigobert Song da Otto Addo. Regragui ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe, inda Afirka ba ta taɓa zuwa ba. Djamel Belmadi ya ci kofin Afirka na 2019, Cissé ya ci wanda ya biyo baya, bayan Senegal ta yi haƙuri da shi tun 2015. A 2024 Kwaddibuwa ta rabu da Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, ta nemi aron Renard ba ta samu ba, sai ta ba mataimaki Emerse Faé riƙon ƙwarya don babu yadda za ta yi. Shi ne ya doke Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe.

Amma a lura: Regragui da Belmadi da Faé a Faransa aka haife su, Addo a Jamus, Cissé kuma a Faransa ya girma. Da yawa daga cikin "'yan gidan" nan Turai ce ta yaye su. Kocin da ya taso daga filayen Kano ko Zinder ko Kumasi har yanzu hanyarsa da nisa.

Abin da Chelle ya tona

A Abidjan aka haifi Chelle, uba Bafaranshe, uwa 'yar Mali. Ya buga wa Mali, ya horar da ita har wasan daf da na kusa da na ƙarshe a 2024, ranar da Kwaddibuwa ta cire su a mintin ƙarshe aka gan shi durƙushe a bakin fili ana zuba masa ruwa a ka. Shi ne ɗan Afirka na farko da ba ɗan Najeriya ba da ya riƙe Super Eagles.

Wanda ya soki naɗinsa don yana ganin takardunsa ba su kai ba, ko don yana son a ba ɗan Najeriya, yana da 'yancinsa. Wanda kuma ya ce "ɗan Mali kuma?" da sigar raini, ya tambayi kansa ko zai faɗi haka da an kawo wani Bature mai tarihin aiki iri ɗaya. Mun manta cewa Keshi ya horar da wannan Malin daga 2008 zuwa 2010, kuma a lokacin alfahari muka yi.

Ina ruwan talaka?

Ruwansa da yawa. Kuɗin da ake biyan koci da dala, ko na gwamnati ne ko na tallafin FIFA ko na kamfanoni, kuɗi ne da za a iya sa wani kaso nasa a kwasa-kwasan horarwa da gyaran filaye. Ba laifi ba ne a kashe shi kan baƙon da ya fi namu, idan kwantiraginsa ta wajabta masa zama a ƙasar, da kallon gasar cikin gida, da koyar da mataimaka 'yan ƙasa. Westerhof ya zauna a Najeriya yana yawon filaye, shi ya sa ya bar tawagar da aka ci moriyarta shekaru bayan tafiyarsa. Wanda zai sauka daga jirgi ana saura kwana biyar wasa, ya koma washegari, ba abin da zai bari a baya.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba. Kowace unguwa tana da shi: kocin da ke fitowa da asuba da usur a wuya da ƙwallo biyu a buhu, yana jera duwatsu a madadin alamomin atisaye, yana tara naira ɗari-ɗari daga yara don sayen ruwan leda. Shi ke gano yaran da za su zama Ahmed Musa na gobe. Duk lokacin da aka ture wanda ya samo tikiti aka ba wani ya tafi gasa, wannan mutumin yana kallo, yana kuma fahimtar iyakar inda za a bar shi ya kai.

Keshi ya rasu ranar 7 ga Yunin 2016. Bayan kwana uku Amodu ya bi shi. Keshi dai ya samu ya tsaya a bakin fili a Brazil a 2014, har ya kai zagaye na biyu. Amodu kuwa, da ya samo wa Najeriya tikitin gasar duniya sau biyu, ya koma ga Ubangijinsa bai taɓa jagorantar ta a gasar ko da wasa ɗaya ba.